Tarin Gwaggo Inde

A shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye, ana cikin zafin bazara ana jiran ruwan farko, Mansur ya kawo baƙo gidansu a Madarumfa. Mansur mai sayar da kaset ne a bakin kasuwa, amma ya gaji da tallar muryoyin da wasu suka ɗauka. So yake ya koyi ɗaukar kiɗa da waƙa da hannunsa, ya haɗa, ya fitar da kaset mai sunansa a jiki. Baƙon kuwa, Mushe Bashir, wato Malam Bashir a bakin masu jin Faransanci, yana da shagon ɗaukar waƙa a Maraɗi, kuma ba ya koya wa kowa komai sai an biya shi. Mansur ya biya shi ladan zuwa da kuɗin man moto, wato babur ɗinsa, don ya duba masa inda zai kafa kayansa.

Mushe Bashir ya bi ɗakunan gidan. Duk wanda ya shiga sai ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu, ya karkata kai yana saurare. Ɗakin Mansur da matarsa Nafisa rufin kwano ne, ya ce ba zai yi ba. Zaure ya yi kusa da hanya. Da ya shiga ɗakin ƙurya, ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, ya tafa, sai ya gyaɗa kai.

"Wanga ne. Ka toshe tagar, ka lulluɓe bangon da katifa da buhunna, ka sa ƙofa mai rufuwa da kyau. Ɗakin wa ne?"

"Kusan ɗakin ajiya ne," in ji Mansur.

Ɗakin Inde ne, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Tana zaune a bakin madafa tana ɓarar gyaɗa, kuma ta ji abin da ya ce. Ba ta ɗaga kai ba.

Inde zabiya ce a da. Daga Madarumfa har Gabi, babu gidan suna ko na aure da bai san muryarta da kiɗan ƙwaryarta ba. Yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni, muryar ta dushe. Kunnen dai yana nan yadda yake.

Bayan la'asar, da baƙo ya tafi, Mansur ya zo ya tsuguna gabanta.

"Gwaggo, aron ɗakinki zan yi. 'Yan kwanaki ne. In kaset ya fito, na siminti zan gina maki."

"Ina zan kwana, ɗana?"

"Za a kafa maki rumfar zana nan kusa da madafa. Ai ma ta fi iska cikin zafin ga."

"Zafin ga ya kusa ƙarewa. Ba ka ga gabas tana haɗuwa ba?"

"Kafin ruwa ya sauka mun gama."

Ta zuba gyaɗar da ke hannunta cikin ƙwarya, ta ce Allah ya sa albarka. Washegari aka fito da gadonta na kara da akwatinta da tukwanenta. Katifarta ba ta fito ba, don bango yana bukatarta. Aka shimfiɗa mata tabarma a kan gadon.

Mansur ya shigar da kayansa: babbar rediyo mai ɗaukar kaset biyu, da mikro na ɗaukar murya, da wani ɗan akwati mai maɓallai da ya saya wurin Mushe Bashir, da batirin mota da ake kai wa caji. Ya ɗauko mata uku masu waƙar biki, babbarsu Fati, ya shigar da su da ƙwaryoyinsu da babban masakin ruwa, ya ja ƙofa. Rana tana tsaka, ɗaki babu taga. Kafin a yi nisa matan sun jiƙe sharkaf, muryar Fati ta fara tsagewa. Mansur ya ce a sake daga farko, aka sake, ya ce a ƙara sakewa.

Da suka fito shan iska, Inde ta kira shi.

"Ɗana, maƙogwaro ba ƙarfe ba ne. Ka riƙa ɗaukarsu da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Kuma ka bar su su fara da wasa da dariya, murya ta buɗe, sannan ka kunna abinka. Mace ba ta waƙa cikin tsoro."

"Mushe ya ce da rana gari ya fi yin shiru."

"Mushe ya taɓa yin waƙa?"

"Gwaggo, wanga aikin inji ne, ba na gidan biki ba. Mutumin nan biyansa nake, kuma ba don ban san ciwon kuɗina ba. Araha ba ta ado."

Fati da 'yan amshinta suka sunkuyar da kai, don dukansu a gaban Inde suka koyi riƙe ƙwarya. Inde ta ce to, ta koma ga aikinta.

Duk da haka ba ta iya kame bakinta ba. Wata rana Mansur ya fito da kaset yana saurare a tsakar gida, yana ƙorafin kiɗan ya fito a toshe kamar ana dukan tulu. Daga rumfarta ta ce masa ƙaramar ƙwaryar tana da tsaga, a canja ta, a kuma rage ruwan masakin. Ya ɗauki rediyonsa ya koma ciki. Da yamma ta ji Nafisa tana kwashe ruwa daga masakin, ta kuma ji an aika gidan Fati a karɓo wata ƙwarya. Kiɗan ya gyaru. Mansur ya wuce ta gabanta yana fito, ko godiya bai yi mata ba.

Ruwan farko ya zo da iska, ya kwashe rabin zanar rumfar. Inde ta wayi gari da jiƙaƙƙen zane. Mansur ya ɗaura leda a saman rumfar, ya ce kaset ya kusa. Damina ta kankama, tabki ya cika ya matso kusa da unguwa, ƙasa ta daina bushewa, sauro ya yi yawa. Tari ya kama ta. Da farko ƙarami ne, irin wanda ake kora da citta da kanumfari. Daga baya ya sauka ƙirji.

Duk ranar da Mansur ya gama ɗaukar wata waƙa, sai ya hau mota ya kai wa Mushe Bashir ya saurara, ya biya, ya dawo da abin da aka ce ya gyara. A wani zuwan, Mushe ya sa abin saurare a kunne, ya lumshe ido, can ya tsayar da kaset ɗin.

"Aikinka yana kyau, amma gidanku da hayaniya. Ga akuya tana kuka. Ga daka. Ga kuma wani yana tari a baya, kusan kowace waƙa. Babu mai sayen kaset ya ji tari. Ka kawar da waɗannan duka."

Mansur ya ce zai kawar.

Daka aka fara mayarwa gidan maƙwabta. Akuyar kuwa ta Inde ce, ita kaɗai ta rage mata daga abin da ta tara a shekarun waƙa. Mansur ya ce mata za a kai ta kiwo wani gida har a gama. Ranar kasuwa ya ja ta ya sayar, kuɗin da ya samu suka ƙare a zuwa Maraɗi. Da Inde ta tambaya, sai ya ce ai kamar ajiya ce ya yi mata, in kaset ya fito zai saya mata biyu. Sai ta ce, "Tana da ciki fa."

Saura tari. Aka kafa doka a gidan: da zarar an ja ƙofar ɗakin ƙurya, kowa ya kama kansa. Nafisa takan goya jaririyarta ta fita waje. Inde ba ta da ƙarfin fita, sai ta riƙa cusa bakin zanenta a baki in ta ji tarin yana tasowa. Kafaɗunta su yi ta rawa, idanunta su kawo ruwa, jijiyoyin wuyanta su miƙe. Wani lokaci takan ci nasara. Wani lokaci tarin ya ƙwace, sai a ji kiɗa ya tsaya cak, ƙofa ta buɗe.

"Gwaggo, don Allah. Saura kaɗan waƙar ta ƙare."

"Yi haƙuri, ɗana. Ba da gangan ba ne."

"Na sani. Amma batir yana ƙarewa, kuma matan nan ba kyauta suke zuwa ba."

Nafisa ta taɓa yi masa magana sau ɗaya, tana zuba masa tuwo. Ta ce tarin Gwaggo ya canja sauti, ya kamata a kai ta gidan likita. Ya ce ya sani, yana sane, amma abin da ke hannunsa na zuwa Maraɗi ne, kuma in ya fasa zuwa yanzu duk abin da ya kashe a baya ya tafi a banza. Ya ce ai don ita yake wannan wahala. Nafisa ba ta ƙara ba. Ta gaya wa kanta cewa gwaggonsa ce, ba tata ba, ita zuwa ta yi gidan, kuma mace mai yawan magana kan dangin miji ba ta ƙarewa da daɗi. Ta ci gaba da dafa mata ruwan citta, ta ɗauki hakan a matsayin iyakar abin da zai yiwu.

Maƙwabta suna jin tarin ta kan katanga. Suka ce sha'anin gida ne.

Bayan zanar da ta kare tsakar gida akwai tsohon turken akuyar, kusa da rumbu, can nesa da ɗakin ƙurya. Mansur ya share shi da kansa, ya zuba yashi, ya gyara bunun da ke samansa iya gwargwado.

"Nan ya fi maki, Gwaggo. Ki yi tarinki yadda kike so, babu mai takura maki."

Inde ta tsaya ta dafa sandarta tana duban wurin da idonta mai rauni. Warin akuya bai fita ba. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai tari ya riga ta. Da ya lafa ta ce, "A kawo mani tabarmata."

A nan ta kwanta. Ruwa yana bi ta ƙarƙashin zana ya taru a ƙafar gadon. Abinci yana zuwa, amma sau da yawa ya huce kafin a tuna, don Nafisa tana waje da jaririya har a gama ɗauka. Ta daina cin tuwo, sai kunu. Ta daina fitowa alwala, sai taimama. Daga inda take tana jin kiɗan yana fitowa can ƙasa-ƙasa in an buɗe ƙofa, yatsunta su riƙa bin sa a kan cinyarta. Wata rana Fati ta leƙo gaishe ta a gurguje, sai Inde ta riƙe hannunta ta ce amshin waƙar nan ta uwar amarya yana shigowa da wuri, su jira numfashi guda. Fati ta fita tana share ido da gefen mayafi. Ba ta ce wa Mansur komai ba, don bai gama biyanta ba, kuma tana da 'ya'ya.

Ana cikin noman biyu Ɗelu ta zo daga Safo cin kasuwa. Ita ce babbar 'yar amshin Inde tun suna 'yan mata, tare suka tsufa a gidajen biki. Ta yi sallama ta nufi ɗakin ƙurya kamar yadda ta saba, Nafisa ta tare ta da sauri tana nuna mata ta yi shiru, sannan ta nuna mata bayan zana.

Ɗelu ta daɗe a can. Da ta fito ba ta nemi izinin kowa ba, ta je ta buga ƙofar da tafin hannu har kiɗa ya tsaya. Mansur ya fito fuska a ɗaure, da ya ga ko wace ce sai ya rusuna.

"Inna Ɗelu, sannu da zuwa."

"Riƙe sannunka. Mi Inde ta yi maka?"

"Ba ta yi mani komai ba. Na ɗan lokaci ne, ita ma ta sani. Aikin ga in ya fito..."

"Matar da ta tauna ta ba ka, ita ka ɗaure a turke?"

"Inna, ba ki san yadda aikin inji yake ba. Ba ni na ce ba, wanda ya san abin ne ya ce a kawar da hayaniya."

"Shi ya ce maka Inde hayaniya ce?"

Mansur ya dubi ƙasa. Sai ga muryar Inde daga bayan zana, siririya, tana yankewa.

"Ɗelu, bar shi. Yaro ne, neman na kansa yake. Kar ki tara masa mutane."

Ɗelu ta juya ta fita. Kafin azahar ta dawo da Audu, mai amalanken jaki da ya kawo su kasuwa. Ita da Nafisa suka tallabo Inde, ba ta fi nauyin damin kara ba. Mansur ya ce ba sai an kai ga haka ba, mi mutane za su ce. Da ya ga Ɗelu ba ta ko dube shi ba, sai ya ce to, wataƙila ma canjin iska ya yi mata amfani, zai zo ya ɗauko ta da kansa da zarar an gama. Ya koma ciki, don matan suna jira kuma batir yana ci.

A tsakar gida Inde ta tsaya.

"Ina so in shiga ɗakina."

"Mi kika bari a ciki?" in ji Ɗelu.

"Ba komai. A nan mahaifiyarmu ta cika. In dai dafa bangon, in yi mata addu'a."

An riga an ja ƙofa, kiɗa ya tashi. Nafisa ta tsaya tana murza hannu, ta ce a ɗan jira waƙar ta ƙare. Suka zaunar da Inde a kan turmi. Waƙar ta ƙare, ƙofa ba ta buɗe ba, aka ji an sake ta daga farko. Ɗelu ta yunƙura za ta buga, Inde ta riƙe mata zane ta girgiza kai. Suka ƙara jira. Hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa ledar rumfa. Audu ya leƙo daga zaure ya ce in ruwan nan ya riske su kafin su haye fadama, jaki ba zai iya ba.

Inde ta dubi ƙofar, sannan ta miƙa wa Ɗelu hannu.

"Mu tafi. Ki ce masa na yafe."

Nafisa ta bi su har bakin hanya da ƙullin citta, tana kuka marar sauti. Aka lulluɓe Inde da buhu, amalanke ya kama hanyar Safo.

Ɗelu ta sayar da waken da ta ajiye na iri ta kai Inde gidan likita. Suka ba da magani, suka ce an makara da kawo ta. Ta yi 'yan makonni a ɗakin Ɗelu, a kan katifa, tana tambaya kullum ko Mansur ya aiko. Gero yana fitar da kai ta rasu, da hantsi, ran wata Laraba.

Saƙo ya iske Mansur a Maraɗi, wurin masu buga hoton bangon kaset. Kafin ya isa Safo an dawo daga maƙabarta. Ya zauna cikin maza a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, yana kuka na gaske. Duk wanda ya tambaya sai ya ce tsufa ne, da kuma ajali, kuma ita ta matsa sai ta zo wurin ƙawarta. Mutane suka ce haka ne, kowa da ranarsa. Da ya shiga gaishe da Ɗelu, ta amsa masa a taƙaice, sannan ta ce, "Ta ce in gaya maka ta yafe. Na gaya maka, na sauke. Ni dai ba da bakina ba."

Kaset ya fito bayan girbi. Ya yi kasuwa daidai gwargwado, ba abin a zo a gani ba, ba kuma asara ba. Mansur ya kai wa Mushe Bashir guda, ya kuma ba shi haƙurin daɗewar da ya yi bai zo ba, ya ce rasuwa aka yi musu.

"Allah ya ji ƙai. Wa ya rasu?"

"Gwaggona. Ita ta raine ni. Ciwon ƙirji ne, ta daɗe tana tari."

Mushe Bashir ya ajiye kaset ɗin a kan tebur a hankali.

"Tarin nan da muka yi ta fama da shi, nata ne?"

"Nata ne."

"Ni na ɗauka wani maƙwabci ne, ko mai wucewa. A gidan take?"

"Ɗakin da ka zaɓa, nata ne."

Mushe ya ture kaset ɗin gefe.

"Ka ce mani ɗakin ajiya ne. Malam Mansur, ni abin da ke cikin kaset kawai nake ji, ban san wa ke cikin gidanka ba. In mutum yana tari, ai likita ake kai shi. Wanga ba sai ka hau mota ka zo Maraɗi an gaya maka ba."

Mansur ya miƙe. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, kamar yadda ya saba duk lokacin da zai bar shagon. Mushe Bashir ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi. Ban koya maka komai ba yau."

Babu wanda ya doki Inde, babu wanda ya zage ta, babu ranar da aka hana ta abinci. Shi ya sa har yau in an yi zancenta a unguwar ba a samun wanda za a nuna. Mansur yana da uzuri, Nafisa tana da nata, Fati da maƙwabta kowa da nasa, kuma ko wanne ka saurara sai ka ji kamar da gaskiya a ciki. Gidaje da yawa suna da tsohuwa irinta, wadda take ba da ɗakinta da dabbarta da abin da ta sani ba tare da ta sa musu farashi ba, sai 'yan gidan su ɗauka abubuwan ba su da daraja. Ana matsar da ita kaɗan-kaɗan, kullum da lallashi, kullum na ɗan lokaci, tana cewa to, tana sa albarka, har ranar da babu sauran inda za a matsar da ita a cikin gidan.